Alƙaluma da Yanke Shawara: Tarken Yadda Shugabannin Gundumomin Ilimi na Amurka Suke Amfani da Ƙididdiga

1.0 Gabatarwa

Da wuya a tashi daga taron ƙara wa juna ilimi na masu tsara manhaja ba tare da wani ya miƙe ya ce lallai ne kowace manufa ta ilimi ta ginu a kan alƙaluma ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma babu wanda zai fito fili ya ce shi ya fi son a yi aiki da ka. Sai dai ba a cika tsayawa a tambayi abin da yake faruwa da alƙaluman ba bayan sun isa teburin mai yanke shawara: wanne ya ɗauka, wanne ya ture gefe, kuma shin ya dube su ne kafin ya yanke shawarar, ko kuwa bayan ya yanke ne ya shiga neman waɗanda za su mara masa baya. Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi gwada wannan hanya a aikace, kuma manazarta da 'yan jarida da kotuna sun bar mana rubutaccen tarihin abin da ya biyo baya. Saboda haka wannan maƙala za ta dubi gundumomin ilimi na can, kafin ta waiwayi abin da ya shafe mu.

Gundumar ilimi a Amurka hukuma ce mai cin gashin kanta da take kula da makarantun gwamnati na wani birni ko wani yanki. Akwai irinsu fiye da 13,000. A mafi yawansu jama'ar yankin ne suke zaɓen 'yan majalisar gudanarwa, majalisar kuma ta ɗauki shugaban gunduma aiki, ta kuma sallame shi in ta ga dama. Gunduma ce take ɗaukar malamai, ta zaɓi littattafan karatu, ta raba lokutan darussa, ta buɗe makaranta ko ta rufe ta. Mafi yawan kuɗinta daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye na yankin. Abin da gwamnatin tarayya take bayarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Ke nan shugaban gunduma mutum ne mai iko na gaske, wanda shawararsa take sauka kai tsaye a cikin aji.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne, alƙaluma suna nuna inda ciwo yake, amma ba su faɗin abin da ya kawo shi, balle maganinsa. Wannan giɓi mutum ne yake cike shi da saninsa da ra'ayinsa da tsoronsa, sa'an nan ya ce alƙaluma ne suka yi magana.

2.0 Dokar da ta Ɗora Ma'auni a Kan Kowa

A ranar 8 ga Janairu, 2002, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar ilimi da aka yi wa laƙabi da "Kada a Bar Yaro Ko Ɗaya a Baya". Dokar ta wajabta wa kowace jiha yi wa yara jarrabawar karatu da ta lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da kuma sau ɗaya a babbar sakandare. Ta ce a rarrabe sakamakon gida-gida: na 'ya'yan talakawa daban, na kowane jinsi daban, na naƙasassu daban, na yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne daban. Ta kuma yanka wa'adi, cewa zuwa 2014 kowane yaro ya kai matsayin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa cim ma adadin da aka yanka mata shekara biyu a jere, iyaye suna da damar cire 'ya'yansu. In gazawar ta ci gaba har shekara biyar, ana iya sallamar ma'aikatanta ko a miƙa ta ga wasu su gudanar.

A yi adalci, rarrabe sakamakon nan abin yabo ne. Kafin dokar, makaranta tana iya fakewa da matsakaicin maki mai kyau alhali 'ya'yan baƙar fata ko na 'yan gudun hijira da ke cikinta ba su koyon komai. Dokar ta yaye wannan lulluɓi. Amma wa'adin 2014 buri ne da babu wata ƙasa da ta taɓa cim ma irinsa, kuma zuwa 2011 kusan rabin makarantun ƙasar sun faɗa cikin jerin waɗanda suka gaza. A watan Disamba na 2015 aka maye gurbin dokar da wata, wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara amma ta mayar wa jihohi ikon yanke hukuncin da zai biyo baya. Tsakanin waɗannan shekaru goma sha uku ne mafi yawan abubuwan da za a tattauna suka auku.

3.0 Houston da Atlanta

Tun a shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan'adam, Donald Campbell, ya yi gargaɗin cewa gwargwadon yadda aka jingina hukunci a kan wani adadi, gwargwadon yadda adadin zai gurɓace, ya kuma gurɓata aikin da aka ce yana aunawa. Gundumomi biyu sun tabbatar da maganarsa.

Rod Paige ya shugabanci gundumar Houston ta jihar Teksas daga 1994 zuwa 2001. A zamaninsa an ɗaure shugabannin makarantu da alƙaluma: wanda nasa suka yi kyau ya sami ladan kuɗi, wanda nasa suka yi muni kujerarsa ta yi rawa. Sakamakon jarrabawa ya hau, adadin yaran da suke barin makaranta kuma ya sauka har gundumar ta ba da rahoton kashi 1.5 cikin ɗari. Wannan suna ne ya kai Paige ga muƙamin ministan ilimi na tarayya a 2001, kuma salon Teksas ɗin ne aka yi koyi da shi wajen tsara dokar 2002. A 2003 asiri ya tonu. Wata babbar sakandare mai suna Sharpstown, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne, ta ba da rahoton cewa ko ɗalibi ɗaya bai bar karatu ba a shekara guda cur. Wani mataimakin shugaban makarantar, Robert Kimball, ya ce ƙarya ce. Da jiha ta binciki makarantu 16, sai ta gano cewa cikin ɗalibai kimanin 5,500 da suka fita, wajen 3,000 ya kamata a lissafa su cikin waɗanda suka watsar da karatu. An dai rubuta su ne a matsayin waɗanda suka koma wata makaranta ko suka bar gari. Abin lura a nan shi ne, ba sai an bincika ba kafin mai hankali ya yi shakkar sifili a irin wannan makaranta. Ofishin gunduma ya karɓi adadin ne domin shi ne adadin da yake so ya ji.

Na Atlanta, a jihar Jojiya, ya fi muni. Beverly Hall ta riƙe gundumar daga 1999 zuwa 2011, kuma a 2009 aka zaɓe ta gwarzuwar shugabannin gundumomi ta ƙasa baki ɗaya, saboda yadda makin yara ya yi ta hawa. Wata jaridar birnin ce ta fara nuna cewa hawan da wasu makarantu suka yi cikin shekara guda ya saɓa wa hankali da lissafi. Jiha ta sa aka duba takardun amsa na 2009, aka ƙirga wuraren da aka goge amsar kuskure aka maye ta da ta daidai. Rahoton masu bincike na watan Yuli, 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178, a makarantu 44 cikin 56 da aka bincika. Wasu har taruwa suke yi a ƙarshen mako su gyara amsoshin yara. A watan Afrilu na 2015 kotu ta sami mutum 11 da laifi. Ita Hall ta musanta cewa ta san da maguɗin, kuma ta rasu a watan Maris na wannan shekara kafin a yi mata shari'a.

Ba za a wanke malaman da suka yi wannan aika-aika ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton ya bayyana yadda ofishin gunduma yake yanka wa kowace makaranta adadin da za ta kai, adadin yana ƙaruwa kowace shekara, wanda ya kasa a wulakanta shi, wanda ya yi ƙorafi a tsangwame shi. Wanda ya fi kowa asara kuwa shi ne yaron da bai iya karatu ba aka rubuta ya iya, domin da wannan makin na ƙarya aka hana shi ƙarin darasin da ya cancanta. Ya kamata kuma a lura cewa ƙididdiga ce ta tona asirin maguɗin. Ashe matsalar ba ta lissafi ba ce. Ta wanda yake riƙe da lissafin ce, da abin da aka ce zai samu ko zai rasa.

4.0 Ɓarnar da Ba ta Kai Kotu Ba

Maguɗi ƙarara ba shi ne ya fi yawa ba, kuma a ganina ba shi ne ya fi shafar mai tsara manhaja ba. Akwai ɓarnar da ake yi bisa doka.

Jennifer Booher-Jennings ta yi nazarin wata makarantar firamare a Teksas, ta wallafa shi a 2005. Ta tarar malamai, bisa jagorancin gunduma, sun kasa yara kashi uku: waɗanda za su ci jarrabawa ko ba taimako, waɗanda suke dab da makin ci, da waɗanda aka yanke ƙauna a kansu. Ƙarin darasi da kulawa duk sai suka koma kan na tsakiya, domin su ne za su ɗaga adadin makaranta da ƙaramin ƙoƙari. Na ƙasa, waɗanda dokar ta ce don su aka yi ta, aka bar su. Malaman kuma ba su ɗauki wannan a matsayin zalunci ba. Suna kiransa aiki da alƙaluma. Wasu manazarta biyu, David Gillborn da Deborah Youdell, sun riga sun ga irin wannan a makarantun sakandaren Ingila tun 2000.

Sai jadawalin darussa. Wani bincike na 2007 a kan gundumomin ƙasar ya nuna cewa kashi 62 cikin ɗari sun ƙara wa Ingilishi ko lissafi lokaci a firamare tun bayan zuwan dokar, kashi 44 kuma sun rage lokacin wasu fannonin, irin su tarihi da zamantakewa, kimiyya, zane da kiɗa, da motsa jiki. Babu wani kwamitin manhaja da ya zauna ya yanke cewa tarihi ba shi da amfani. Fannin da ba a aunawa ne kawai ya wayi gari ba shi da mai kare shi a ofis.

Harshe ma haka ya sha. Dokar 2002 ta maye gurbin dokar koyarwa da harshe biyu ta 1968, har ofishin tarayya mai kula da wannan fanni aka canza masa suna ya koma na koyon Ingilishi. Kate Menken, wadda ta yi nazarin makarantun birnin New York ta fitar da littafi a 2008, ta nuna cewa jarrabawa ta zama ita ce manufar harshe ta haƙiƙa, ko da kuwa ba haka aka rubuta a takarda ba. A wani binciken da ta yi da Cristian Solorza, wanda ya fito a 2014, shugabannin makarantun da suka soke azuzuwan harshe biyu sun kafa hujja da matsin jarrabawa. Ga mai nazarin harshe, kuskuren a bayyane yake. Idan aka yi wa yaro tambayar lissafi da harshen da bai gama laƙanta ba, abin da aka fara aunawa harshen ne, lissafi na biye. Idan ya faɗi, takardar sakamako ba za ta ce ga dalili ba. Shugaban da tun asali bai yarda da koyarwa da harshen gida ba zai karanta faɗuwar a matsayin laifin harshen gida. Wanda ya yarda da ita zai karanta ta a matsayin laifin jarrabawar. Adadi ɗaya, fassara biyu.

5.0 Abin da Yake Faruwa a Cikin Ofis

Wannan batu na fassara shi ne Cynthia Coburn da abokan aikinta, Judith Touré da Mika Yamashita, suka bi diddiginsa a nazarin da suka wallafa a 2009. Sun shafe shekara uku suna bibiyar ofishin wata gunduma matsakaiciya, suna halartar tarurruka, suna hira da jami'ai, suka bi sawun shawarwari 23 da suka shafi koyarwa. Abin da suka gani bai yi kama da hoton da ake zanawa a littattafan gudanarwa ba, inda ake tara bayanai, a auna zaɓuɓɓuka, a ɗauki mafi inganci. Sun ga muhawara da jayayya da ƙoƙarin shawo kan juna. Kowane sashe na ofis yana kallon alƙaluma da idon aikinsa da abin da ya riga ya yi imani da shi game da yadda yara suke koyo. Ƙarancin kuɗi da lokaci, da sauyin shugabanni, duk suna juya akalar shawara. Sau da yawa kuma akan ambaci bincike ne domin a ƙarfafa matsayin da aka riga aka ɗauka. Carol Weiss ta faɗi makamancin haka tun ƙarshen shekarun 1970, cewa ɗaya daga cikin amfanin da mahukunta suke yi da bincike shi ne su mai da shi makami a fagen jayayya.

A ɗauki misali. Makin lissafi na aji 4 ya faɗi. Jami'in horar da malamai zai ce malamai ne ba su da horo. Jami'in manhaja zai ce littafin ne ya tsufa. Ma'aji zai tambayi wanne ya fi araha. Shugaban gunduma kuwa, wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, zai nemi abin da zai nuna sakamako kafin majalisa ta zauna. Dukkansu takarda ɗaya suke riƙe da ita, kuma kowannensu zai rantse da ita. Ƙari a kan haka, jarrabawar jiha a ƙarshen zangon karatu ake yin ta, sakamakon ba ya dawowa sai yaran sun wuce aji na gaba, kasafin kuɗi kuma an riga an rufe. Ihu bayan hari ke nan.

Nazarin Coburn yana da iyakarsa, tun da gunduma ɗaya ce, kuma ba a faɗa mana ko shawarwarin da aka fi jingina su ga shaida sun fi sauran amfanar yara ba. Haka kuma ban yarda da masu karanta shi a matsayin tonon silili ba, kamar shigar ra'ayin jami'i cikin shawara aibi ne. Jami'in da ya yi shekara ashirin a aji ya san abubuwan da babu jadawalin da zai nuna, kuma da wannan sani ne kaɗai za a iya cike giɓin da ke tsakanin adadi da dalili. Aibin yana wajen ɓoyewa. Idan shugaba ya ce "a ganina", ana iya ja da shi. Idan ya ce "alƙaluma sun nuna", ya rufe bakin kowa, musamman malamin aji da ba a koya masa karanta jadawali ba.

6.0 Shikago

Akwai inda abin ya yi amfani, kuma yana da kyau a ga dalili. Wata cibiyar bincike ta Jami'ar Shikago ta daɗe tana aiki da gundumar birnin. A 2005 Elaine Allensworth da John Easton suka nuna cewa ana iya gane ɗalibin da zai kammala sakandare tun daga shekararsa ta farko, wato aji 9. Ɗalibin da ya ci darussan da ake buƙata a wannan shekara, bai kuma faɗi fiye da zango ɗaya a muhimmin fanni ba, kashi 81 cikin ɗari na irinsa suna kammalawa cikin shekara huɗu. Waɗanda suka kauce wa wannan layi kuwa kashi 22 ne kawai. Binciken da ya biyo baya a 2007 ya nuna cewa zuwa makaranta kullum ya fi makin jarrabawar da yaro ya shigo da shi nuna yadda zai ƙare. Gunduma ta fara aika wa makarantu sunayen yaran da suka soma fashi ko faɗuwa tun shekara ba ta yi nisa ba, malamai suka riƙa zama a kansu ɗaya bayan ɗaya, adadin masu kammalawa kuma ya yi ta ƙaruwa a shekarun da suka biyo baya.

Bambancin a fili yake: adadin yana zuwa da wuri, yana ɗauke da sunan yaro, yana hannun wanda zai iya yin wani abu a kai. Duk da haka Shikago ba ta tsira daga gargaɗin Campbell ba. A 2015, bayan binciken 'yan jarida, gundumar ta amsa cewa an lissafa wasu da suka watsar da karatu a matsayin waɗanda suka sauya makaranta, ta kuma rage adadin da ta yi shela da shi. Wannan adadi na kammalawa shi ne wanda 'yan siyasa suke yaƙin neman zaɓe da shi.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu

Mafi kusa da gunduma a tsarinmu ita ce hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ƙarƙashin sakataren ilimi, a ƙananan hukumomi 774. Amma kamar ba ta kai zuciya ba. Sakataren ilimi ba ya karɓar haraji, ba shi yake tsara manhaja ba, kuma tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 manyan shawarwari suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ta tarayya. Shi mai tattara alƙaluma ne ya tura sama. Na taɓa zama a ofishin wani sakataren ilimi ana ɗaure takardun ƙidayar makarantu ta shekara-shekara za a kai babban birnin jiha. Ya faɗa mini yawan ɗalibai da azuzuwa da kujeru ba tare da ya duba takarda ba. Da na tambaye shi yara nawa ne a aji 3 za su iya karanta sakin layi ɗaya na Hausa, sai ya yi murmushi ya ce ba a taɓa tambayarsa wannan ba. Ban ga laifinsa ba.

Saboda haka, a wurinmu irin shawarwarin da shugaban gunduma yake yankewa a can, gwamna ne ko minista yake yanke su, kuma tarkon iri ɗaya ne. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji 4, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari, ta sallame su. Babu mai kare malamin da bai san abin da yake koyarwa ba. Amma 75 ɗin nan ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya zaɓe shi, ƙungiyar malamai kuma ta yi jayayya a kansa. Da an sa wani adadin, da yawan waɗanda suka faɗi ya canza, malaman kuwa su ne dai.

Misalin da ya fi taɓa wannan cibiya shi ne na manufar harshe. A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi a kowane mataki, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a shiyyoyin da ya ce sun fi rungumar harshen uwa. Damuwarsa game da faɗuwar yara ta gaskiya ce. Hujjar ce ba ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata ba. Yaron da ya shiga aji 1 a 2023 ba zai zauna WAEC ba sai wajen 2035, don haka sakamakon da ake da shi ba zai zama hukunci a kan manufar 2022 ba. Idan kuma tsohuwar manufar ake nufi, wadda tun daga 1977 ta tanadi fara karatun firamare da harshen uwa ko na muhalli, to sai an fara nuna makarantun da suka aiwatar da ita da littattafai da horarrun malamai, domin malamin da yake karanta littafin Ingilishi yana fassara wa yara da baki bai aiwatar da wata manufa ba. Sa'an nan shiyyoyin nan sun bambanta da sauran ta fuskar talauci da yawan yara a aji da ƙarancin malamai da rashin tsaro. Ware harshe daga cikin waɗannan a ce shi ne sanadi, fassara ce, irin wadda shugabannin makarantun New York suka yi. Hanyar da ake bi a gane sanadi sananniya ce, kuma a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin fitattun gwaje-gwajenta: shirin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci, wasu da tsarin da aka saba, aka kwatanta su, kuma 'yan Yarabancin ba su gaza a Ingilishi ba.

Ga malamin Hausa da mai tsara manhajarta, darasin jadawalin Amurka ya isa gargaɗi: fannin da ba shi da adadi a teburin mahukunta shi ake fara yanke wa lokaci. Mafita ba ita ce a ƙirƙiro wata babbar jarrabawar Hausa a ɗaura ta a wuyan malamai ba, domin mun ga inda wannan hanya take kaiwa. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin gwaji irin wanda aka yi amfani da shi a jihohin Bauchi da Sakkwato tun daga 2011, inda ake zama da yaro shi kaɗai, ya furta haruffa da gaɓoɓi, ya karanta ɗan labari na minti ɗaya, ya amsa tambayoyi a kai. Malamin aji zai iya yin wannan kowane zango a aji 2 da aji 3, sakamakon ya tsaya a makaranta da ofishin sakataren ilimi da sunan kowane yaro, kuma kada a jingina ƙarin girma ko canjin wurin aiki a kansa.

Akwai aiki biyu a nan da suka rataya a wuyan masana harshe. Na farko, adadin kalmomin da ake sa ran yaro ya karanta a minti ɗaya dole ne a fitar da shi daga Hausa kanta, kada a aro na Ingilishi. Rubutun Hausa ya fi na Ingilishi daidaito tsakanin harafi da sauti, amma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har yaro yakan tsaya a kan kalma kamar "gari" ko "fari" sai ya ga abin da ke kewaye da ita kafin ya san wadda ake nufi. Na biyu, a raba sakamakon yaron da Hausa harshen gidansa ce da na wanda yake koyon ta a matsayin harshe na biyu, ko a Aba yake ko a Ibadan ko a wata unguwa ta Jos, domin idan aka haɗa su a jadawali ɗaya, matsakaicin makin da zai fito ba zai bayyana halin ko ɗaya daga cikinsu ba.